Kitson Kare a Camberwell

Ƙyas-ƙyas-ƙyas. Ina zaune a kan darduma, na sallame azahar, ban ma gama tasbihi ba, sai na ji wani abu yana kartar ƙofar ɗakinmu daga ƙasa. Na ce a raina, ashe Landan ma akwai gafiya. Na ɗauki takalmin Malam maigidana, na lallaɓa na buɗe ƙofa. Abin da na gani ya sa takalmin ya kusa suɓuce mini. Wata 'yar halitta ce da ba ta kai kazar gida ba, an ɗaɗɗaure jikinta da ƙulle-ƙullen takarda kamar kayan yajin 'yan koli, a goshinta ga tukku an ɗaure da jan ƙyalle. Ta ɗaga kai ta dube ni ido cikin ido, ta yi mini haushi. A'uzu billahi! Kare ne.

'Yata Ummi, wadda lokacin ko makaranta ba ta shiga ba, ta leƙo ta bayan zanina ta ce, "Umma, 'yar tsana ce?"

Sunana Rakiya, mutuniyar Gwarzo. A tsakiyar shekarun tamanin na biyo mijina Malam Sani, wanda ya sami gurbin ƙaro karatu a wata kwaleji a Bloomsbury. Zangonmu na farko ɗakin kwanan ɗalibai ne, inda ba a yarda da yara ba. Muka yi ta ɓoye Ummi kamar kayan sata, in ta yi kuka in toshe mata baki da tafin hannuna, ni ma ina hawaye. Muka shiga neman ɗaki. A waya a ce akwai, mu je, a buɗe ƙofa a ga fuskokinmu da mayafina, a ce yanzun nan aka kama. Zango na biyu wani ɗaki ne a ƙarƙashin ƙasa, bangonsa kullum yana gumi, takalma har funfuna suke yi. Na uku shi ne Camberwell, a saman benen wata tsohuwar Baturiya, Misis Elsi, wadda ba ta da miji ba ta da ɗa, sai wannan kare mai suna Monti.

Ranar da Malam ya je duba ɗakin an kai karen wajen likitan dabbobi, shi ya sa bai gan shi ba. Da na kai masa kuka sai ya ce, "Rakiya, larura ce. Ɗakinmu daban, ƙofarmu a rufe. Ko kina so mu koma ramin can?" Na haƙura.

Ni karnukan da na sani na maharba ne da na mahauta, masu kwana a waje, in an ce "kai!" su sa wutsiya a tsakanin ƙafafu. Wannan kuwa Misis Elsi ta ce irinsu Yoksha teriya ake kira, wai kakanninsu ɓeraye suke kamawa a masaƙu. Babbar matsalar Monti ita ce bai san shi ƙarami ba ne. Na ga ranar da ya tare wani ƙaton kare kamar maraƙi a bakin titi, ya yi ta zabura yana haushi har ƙaton ya kauce. Mai kawo wasiƙu kuwa abokin gabarsa ne na har abada. Amma wannan jarumi, da an buɗe ƙofa iska ta shigo sai ya kama makyarkyata. Ba ya zama shi kaɗai. In tsohuwar ta fita kanti, sai ya hau bene ya yi ta kartar ƙofarmu yana kuka kamar jinjiri. Cinsa kaɗan-kaɗan ne, a kai a kai, in ya tsallake sai jiri ya kwashe shi, a shafa masa zuma a dasashi. Ba a sa masa igiya a wuya, wai maƙogwaronsa ba ƙwari, sai wata 'yar ɗamara a ƙirji. Har haƙora ake goge masa. Na ce ikon Allah, a garinmu wani yaron ma bai ga wannan gata ba.

Kicin ɗaya muke amfani da shi. Wata rana na ajiye kwanon miya a ƙasa, kafin in juyo Monti ya sa baki. Na wanke kwanon nan sau bakwai kamar yadda aka koya mana a Islamiyya, amma ina zan ga ƙasa a gidan da ko'ina siminti da kafet? Sai na ɗebo daga tukunyar furen Misis Elsi da ke kan taga. Abin ya maimaitu, ƙasar tukunya ta yi ta raguwa har saiwa ta bayyana.

"Raki," in ji ta wata safiya, don haka take kirana, "ko dai cin ƙasar nan kike yi? Na ji masu ciki suna yi."

Kunya ta kama ni. Na tattaro Turancina na sakandare na yi mata bayani, ina jiran ta ce mu kwashe kayanmu. Washegari na tarar da ɗan buhun ƙasa sabo a gefen famfo, an kuma gitta wani katako a ƙofar kicin don kada Monti ya shiga. Daga ranar na fara kiran ta Mama, Ummi kuma tana ce mata Kaka.

Ƙulle-ƙullen takardar nan kuwa ashe gashi ne a ciki. Ranar da na fara ganin an kwance su, sai da na yi salati. Gashi ne har ƙasa, santsi kamar siliki, bayan launin toka mai sheƙi, kan kuma kamar zinariya. Da shi Monti ya yi ta cin gasar karnuka, bangon falo cike da kyaututtukansa. Ba a taɓa sa masa almakashi ba. Sai a wanke, a shafe da mai, a tsattsaga, kowane tsagi a naɗe shi a takarda mai laushi a ɗaure da roba, don kada ya karye ko ya cukurkuɗe. Bayan kwana biyu a kwance a sake.

Yatsun Mama sun kanannaɗe da ciwon gaɓoɓi. Wata rana na sauko na tarar da ita tana ta fama da roba ɗaya, tana kamawa tana suɓucewa, hawaye na bin kumatunta. Na tsaya ina kallo sai na ji bakina ya ce, "Ai wannan kitso ne."

Na tambayi Malam. Ya yi ta shafa gemu, can ya ce taimakon tsohuwa marar kowa ba zai rasa lada ba, amma in ware tufafi. Na ware wani tsohon zani da riga, na rataye su a bayan ƙofar falo, ba sa hawa bene, ba sa kusantar darduma. Na ɗauko tsinken kitsona. Ranar farko Monti ya kai mini cizo, na ce masa da Hausa, "Kul! Na yi wa waɗanda suka fi ka tsiwa kitso." Ya karkace kai yana saurare. Kafin wata ya zagayo, da ya ga na ɗaura zanin sai ya tsaya a gindin tebur yana jira a ɗora shi, ina tsaga yana gyangyaɗi. Ban taɓa bari ya lashe ni ba, shi ma ya gane, sai dai ya ɗora haɓarsa a bayan hannuna. Wani lokaci ina cikin naɗi sai in tuna tsakar gidanmu, kan ƙanwata Sa'ade a cinyata, Inna tana surfe tana yi mana faɗa. Sai in ga takardar hannuna ta jiƙe.

Mutum ɗaya na gaya wa. Mma Adiza ce, 'yar zangon Hausawan Kumasi ta ƙasar Gana, mai aikin shara a babban asibitin unguwar. A kasuwa muka haɗu muna rububin kuɓewa. Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Kai, Rakiya! Ka hau jirgi ka zo London ka zama mai kitso na kare? Wallahi in mutane na gida ya ji, ya mutu da dariya!" Haka Hausarsu take, kowa namiji ne.

Muna cikin shekara ta biyu Mama ta zame a bene, ƙugunta ya karye. Ana fita da ita a gadon marasa lafiya ta damƙe wuyan hannuna da yatsun nan nata, ta ce, "Raki, Monti yana hannunki. Ki kawo mini shi." Na ce, "In sha Allahu, Mama." Ita magana ta yi. Ni amana na karɓa.

Sai ga Derek, ɗan ƙanenta, wanda a da sai Kirsimeti muke ganin ƙeyarsa. Ya zo da murmushi da makullan gidan. Ya ce mu zauna har Malam ya gama jarrabawa, ni dai in ci gaba da gyara gashin nan yadda na saba. Na ce ina so in je in duba Mama. Ya girgiza kai cikin jimami, ya ce hankalinta ya gushe, ba ta gane kowa, likitoci sun hana ziyara. Na yarda, har na yi mata kuka.

Ba a jima ba aka kafa allon sayarwa a ƙofar gida. Ya fara kawo masu saye. Wata rana na fito daga wanka, kaina ba ɗankwali, daga ni sai ɗaurin ƙirji, sai kawai na ji makulli a ƙofar ɗakinmu. Ba sallama, ba ƙwanƙwasawa. Ga Derek da maza biyu. Na rarumi zanin gado na lulluɓa. Shi kuwa ya ratsa ta kan dardumata da takalmansa masu taɓo, yana nuna musu taga. Ko kallona bai yi ba, kamar kujera ce a wurin.

Da sanyi ya kankama sai ya kashe na'urar ɗumama gida, ya sa kwaɗo a ɗakin na'urar, wai gyara za a yi. Muka riƙa kwana da rigunan sanyi. Ƙirjin Ummi ya kama, tana numfashi kamar ana jan zarto, sai da aka kwantar da ita a asibiti. Monti ya daina cin abinci, ya koma gindin kujerar Mama yana ta makyarkyata. In dawo daga wajen 'yata, in ɗaura zanin kitso, in yayyaga masa tsokar kaza in ba shi da hannu, in shafa masa zuma.

Malam ya tare Derek a ƙofa cikin ladabi. Derek ya kunna sigari ya ce, "Matarka aiki take yi a gidan nan, ba ta kuwa da izinin aiki. Waya ɗaya zan buga ofishin shige da fice na Croydon, ku da karatun naka ku yi gaba." A lokacin ba mu san iyakar haƙƙinmu ba, sunan ofishin shige da ficen nan kawai ya isa ya tsinka mana hanji. Ina kan bene ina gani mijina, mutumin da ake tashi tsaye in ya shigo majalisa a garinmu, ya sunkuyar da kai ya ce, "Yi haƙuri." Derek ya ba mu ƙarshen wata.

Ya ɗauka Turancina bai wuce gaisuwa ba, shi ya sa yake waya a gabana. A nan na ji yana ciniki da wata mata mai kai karnuka gasa. "Gashin har ƙasa," in ji shi, "ba a taɓa taɓa shi ba. Zo ki ɗauka ranar da waɗannan za su fita." Ashe abin da ya sa ya bar mu ke nan. Hannuna yake so, ba mu ba.

Na roƙi Mma Adiza ta bincika mini a asibiti. Bayan kwana biyu ta zo, ko zama ba ta yi ba. "Rakiya, mutumin nan shaiɗan ne. Tsohuwa hankali nasa garau! An kai shi gidan tsofaffi can wajen Croydon, na je da ƙafa na. Kullum yana kuka. Derek ya ce masa ku baƙaƙe kun gudu da kare, kun sayar."

Jama'a, na haƙura da sanyi. Na haƙura da takalmi a kan darduma. Amma a ce tsohuwar da ta sayo mini ƙasa tana can kwance tana tunanin na ci amanarta? Nan tura ta kai bango. Ni da ko kaza aka yanka sai na kau da kai, na wayi gari ina tunanin barkono a idon mutum. Kowace sujada sai na ambaci sunansa. Allah ya isa, Derek. Allah ya hana ka ɗumi ranar da kake neman ɗumi.

Malam ya ce, "Ki bar wa Allah."

Na ce, "Na bar masa, Malam. Amma shi ya ba ni hannu."

Na yi tunanin in ɗauki Monti in kai wa Mama kawai. Sai na ga in na yi haka na gaskata ƙaryarsa, ya kira 'yan sanda ya ce ga ɓarauniya. Ko na kai shi ma, muddin gashin nan yana jikinsa, Derek zai bi ya ƙwato. Dole shi da bakinsa ya ce ba ya so.

Mma Adiza ta ba mu ɗaki ɗaya a gidan hayar da hukuma ta ba ta a Peckham, 'yan uwanta na zango suka yi alkawarin mota. Ranar tashi, bayan na yi asuba, na ɗaura zanin kitso na ɗora Monti a tebur. Ya miƙe ƙafafu yana jiran mai. Na yi bisimilla na ɗauko almakashi. Ƙulli na farko da na kama sai da na ɗan dakata, don gashin nan ni na raine shi, na san kowane tsagi. Sai na tuna numfashin Ummi. Ƙaras! Na bi su ɗaya bayan ɗaya, kowanne da takardarsa da robarsa, ina jefawa a leda. Na bi da injin askin mijin Mma Adiza, a hankali, ina tallafe fatar don siririya ce. Tukkun goshi kawai na bar masa, kamar na yaron goye.

Abin da ya fito daga cikin gashin nan bai fi ɗan tsako ba, kunnuwa zaƙo-zaƙo, ƙafafu kamar tsinken tsire. Ya girgije, ya ji shi sakayau, ya yi ta zagaye falo da gudu yana tsalle. Da sanyi ya kama shi na yanke hannun wata tsohuwar rigar sanyin Ummi, na huda wurin ƙafafu na zura masa.

Da hantsi ana loda kaya sai ga Derek da matar, ta sha kwalliya, da kwandon ɗaukar kare a hannu. Monti ya fito da gudu ya kama bakin wandon Derek yana gurnani. Matar ta dube shi ta ce, "Mene ne wannan?"

Fuskar Derek ta yi ja kamar gauta. "Me kika yi masa?"

Na gyara mayafina, na miƙa masa ledar, na ce da Turancin da bai san ina da shi ba, "Abin da ka sayar ke nan. Ungo. Ban rage ko sili ɗaya ba."

Matar ta leƙa ledar, ta ce kafin wannan gashi ya dawo karen ya tsufa da gasa, ya ɓata mata lokaci. Ta juya ta shiga motarta. Derek ya yo kaina yana zagi, yana cewa zai kira 'yan sanda. Samarin zango suka ajiye katifa suka matso. Mma Adiza ta riƙe ƙugu ta ce masa da Turanci, "Kira su! Mu tafi gaba ɗaya wajen mai kare, ya faɗa da baki nasa wa ya ba ka izinin sayarwa." Maƙwabta suka fara ɗaga labule. Ya tsaya da ledar gashi a hannu, ya rasa inda zai ajiye ta. Can ya kai wa Monti shuri, Allah ya sa bai same shi ba, ya ce, "Ɗauke ɓeranki ki ɓace!"

Na ce wa Mma, "Kun dai ji, shi ya ce." Wallahi tun da na sauka a ƙasar nan ban taɓa jin sanyi mai daɗi a ƙirjina irin na wannan lokaci ba. Mutanenmu suka ce rama cuta ga macuci ibada ne. Ban san me malamai za su ce ba, amma har yau in na tuna fuskarsa sai na yi murmushi.

Ban bi motar kaya ba. Na sa Monti a jakar cefane, na kama hannun Ummi, muka hau bas zuwa Croydon. Muka tarar da Mama a kujera a gefen taga, ta rame, an rufa mata bargo. Da ta gan ni sai ta kau da kai. Wannan kau da kan ya fi komai yi mini ciwo. Kafin in buɗe baki jakar ta fara motsi, Monti ya faso ya dire, ya yi ta kuka yana kartar ƙafar kujerar har sai da Ummi ta ɗora shi a cinyarta. Ya bi fuskarta da lasa. Ta rungume shi tana kiran sunansa, sannan ta shafa bayansa ta ji ba komai.

"Raki, ina gashinsa?"

Na durƙusa na gaya mata komai, ban ɓoye ko ɗaya ba. Ta daɗe tana shafa fatar nan. Aikin shekaru ne, na sani. Can ta ce, "A leda kika ba shi?" Na ce e. Sai ta fashe da dariya, tana yi tana tari, hawaye na zuba, ta kamo hannuna ta riƙe gam. Shugabar ma'aikatan gidan ta zo ta ce doka ba ta yarda da dabbobi ba. Ta dubi Mama, ta dubi abin da ke cikin hannun rigar sanyi, ta ce to, a gwada mako ɗaya a gani, tunda ba wani taje-taje.

A bas ɗin komawa na zauna da jakar cefane wayam a cinyata. Gidan da za mu ɗaki ɗaya ne na aro, jarrabawar Malam na gaba, tarin Ummi bai gama warkewa ba. Ina kallon titi, ashe bakina yana ta motsi, ina ja wa Derek Allah ya isa ban sani ba. Ummi ta jawo gefen mayafina, ta kawo bakinta kusa da kunnena.

"Umma, shi kuma Derek ɗin yaushe za mu aske shi?"